Jawabin Malcolm X na 1964 ya tsaya min a wuya

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da jawabin da Malcolm X, ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya yi a birnin Cleveland, Afrilun 1964, zan gabatar wa ɗalibaina da Hausa. Taken nasa na Turanci, "The Ballot or the Bullet", na mayar da shi "ƙuri'a ko harsashi". Na gwada wa mutum biyu, dukansu suka ce ai kiran ɗaukar makami ne. Alhali shekarar zaɓe ce, sanatocin kudancin Amurka sun tare dokar 'yancin baƙar fata, shi kuwa yana cewa a haɗa ƙuri'u wuri guda. Na sa "gargaɗi" a gaba, sai zafin maganar ya mutu.

Don Allah, wace jimla ce za ta riƙe zafin ba tare da ta zama tunzuri ba?