Kufan 'yan Murakami a tekun Seto: ina zan fara?

Ɗalibi a Hiroshima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu hutun kwana biyu, ina son ganin kufan ganuwar 'yan Murakami, waɗanda suka riƙe tekun Seto na Japan a da. Wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Gidan nasu rassa uku ne, kowanne da sunan tsibirinsa: Noshima, Kurushima da Innoshima. Kada ginin nan mai kama da tsohuwar ganuwa da ke Innoshima ya ruɗe ka, a 1983 aka gina shi don ajiye kayan tarihi. In kufai na gaske kake so a kan tudu, hau dutsen Aokage a tsibirin. Babu gini ko ɗaya, sai filayen da aka share a ƙololuwa, amma da ka tsaya can za ka gane abin da ya sa suka zaɓi wurin.

Maman Ummi: Ni dai Noshima ce ta fi taɓa ni, ƙanina. Ɗan tsibiri ne ƙarami, amma gaba ɗayansa suka mai da shi ganuwa. Ruwan da ke kewaye da shi yana gudu yana juyawa kamar tukunya na tafasa, wanda bai san hanya ba ba zai iso ba. Wannan igiyar ruwan ita ce katangarsu. In ruwa ya janye za ka ga ramuka a jikin duwatsun gaɓa inda suke kafa turaku na ɗaure jirage. Wallahi na daɗe ina kallonsu.

Ɗalibi a Hiroshima: Yaya, to 'yan fashin teku ne ko sarakuna?

Baban Khalifa: Sun fi kama da masu karɓar kuɗin hanya. Ka biya, su ba ka tuta mai alamar gidansu ko su haɗa ka da ja-gora, ka wuce lafiya. A 1576 sun taya gidan sarautar Mori yaƙi a Kizugawaguchi, kusa da Osaka, suka ƙona jiragen babban sarkin yaƙi Oda Nobunaga da tukwanen albarushi. Shugabansu na Noshima shi ne Murakami Takeyoshi. Toyotomi Hideyoshi, wanda ya riƙe mulki bayan Nobunaga, shi ne ya karya su da dokar hana fashin teku ta 1588.

Maman Ummi: Ka fara da gidan tarihinsu da ke Miyakubo, a tsibirin Oshima. Daga nan ake shiga jirgin yawon kallon igiyar ruwan. Jiragen da ke sauke mutane a Noshima ba kullum suke tashi ba, sai ka yi rajista tun da wuri.

Baban Khalifa: Hanyar Shimanami daga Onomichi zuwa Imabari wajen kilomita 70 ce a keke, tana bi ta Innoshima da Oshima duka. Ka yi Aokage ranar farko, ka kwana a hanya. Ka riƙe guzurinka, abincin halal yana wuya a can.

Ɗalibi a Hiroshima: Na gode ƙwarai. Zan ɗauki hayar keke daga Onomichi in sha Allahu.