Na karɓi fasfon Holan, yanzu sun ce sai na ajiye na Najeriya, wa ya taɓa yi?

Ɗan Fagge, Rotterdam

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan harkar. Allah ya yi na samu zama ɗan ƙasar Holan, an kira mu gemeente, wato ofishin ƙaramar hukuma, an yi ɗan biki mun yi rantsuwa an miƙa mana takarda, har fasfo ya fito alhamdulillah. To sai ga wasiƙar IND, hukumar shige da fice ta Holan, ta biyo baya, wai su tuna min tun ranar da na cike takardun nema na sa hannu cewa na yarda zan bar ƙasata ta asali, don haka cikin wata uku suna son ganin shaidar na shigar da buƙatar. Ba wai ɓoye min aka yi ba, na karanta kuma na sa hannu ido buɗe, amma lokacin abin yana nesa, yanzu da takardar ke gabana wallahi jikina ya yi sanyi.

Abin da nake son sani, a ina ake farawa, ofishin jakadancinmu na Hague ne ko sai mutum ya je Abuja da ƙafarsa? Sannan koren fasfona baɗi zai mutu, in na ƙyale shi ban sabunta ba ashe ba shikenan ba na fita? Ina da fili da na saya a Rijiyar Zaki na fara ɗora bulo, ga kuma gidanmu na gado da ba a raba ba, ya matsayinsu zai zama? Iyalina ita har yanzu takardar zama gare ta, yara biyu kuma an sa su cikin nawa. Baba ma ban gaya masa ba tukuna, ban san ta inda zan ɗauko maganar ba.

Mai Shayin Hamburg

Wa alaikumus salam, barka da arziki mutumina, Allah ya sa albarka. Ni dai in ka bi tawa ka sa koren a ƙarƙashin akwati ka yi shiru da bakinka, wa zai sani? Najeriya ai ba ruwanta, sashe na 28 na kundin tsarin mulki ya yarda wanda aka haifa ɗan ƙasa ya riƙe biyu ko uku ma in yana so. Mu nan Jamus tun 27 ga Yunin 2024 aka soke wannan dokar gaba ɗaya, shekara takwas ɗin da ake zama kafin a nemi zama ɗan ƙasa ma aka mai da ita biyar, kowa fasfo biyu yake yawo da su. Su ma Holan ɗin in ka ja su a hankali wata rana za su canza, kar ka yi gaggawar yar da abin da ba a saya a kasuwa.

Maman Hanif, Den Haag

Malam barka, Allah ya sanya alheri. Mai Shayi ka yi haƙuri amma wannan shawarar taka mutum za ta kai ta baro. Najeriya ba ruwanta gaskiya ne, amma ai ba Najeriya ce ta aiko masa wasiƙa ba. A dokar zama ɗan ƙasa ta Holan sashe na 15 ya ba minista dama ya janye takardar da aka ba ka in ba ka yi duk abin da za ka iya ba wajen barin tsohuwar ƙasarka, kuma suna janyewa, ba barazana ba ce kawai. Jamus daban nan daban. Akwai waɗanda aka ɗauke wa wannan sharaɗin, kamar mai auren ɗan ƙasa, da wanda aka ba mafaka, da 'yan ƙasashen da dokarsu ba ta yarda a fita ba irin Maroko, amma duk wannan tun ranar cike takardu ake faɗa, ba bayan an ci biki ba.

Maganar fasfo ya mutu kuwa ka cire ta a ranka. Fasfo takardar tafiya ce kawai, mutane nawa ne a Fagge da ba su taɓa riƙe fasfo ba kuma 'yan ƙasa ne cikakku? Ko ka ƙona shi kana nan ɗan Najeriya har sai an bi sashe na 29. Abin da sashen ya ce shi ne duk wanda ya kai shekara 18 zai iya rubuta sanarwar ya bar ƙasa, shugaban ƙasa ya sa a yi mata rajista, kuma daga ranar rajistar ne mutum ya fita, ba daga ranar da ya kai takarda ba. Shugaban ƙasa ma yana da ikon ƙin yin rajistar in ana yaƙi ko in ya ga ta saɓa wa maslahar jama'a. (Wannan sashen ne fa aka yi ta rigima a kansa a majalisar dattawa a 2013 lokacin Sanata Yarima, saboda layin da ya ce matar aure ana ɗaukarta ta kai shekaru, mutane suka ɗauka dokar aure ce alhali maganar barin ƙasa ake.)

Maigidana ya yi nasa shi ya sa na san hanyar. Ba sai ka je Abuja ba, ta ofishin jakadanci ake bi, su kuma ma'aikatar cikin gida ce mai yanke magana, sashen da ke kula da zama ɗan ƙasa. Akwai fom da ake kira Form G, za ka haɗa da wasiƙar buƙata, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma wadda muke cewa indijin, hotuna, fasfo, rantsuwa, da shaidar cewa ka samu wata ƙasar don kar a bar ka ba ƙasa. Tun yau ka sa ƙaninka ya nemo maka ta ƙaramar hukumar in ba ta hannunka, kuma ka duba sunanka ya zo iri ɗaya a ko'ina, don mu wajen nan muka sha wahala, wata takardar Muhammad wata Mohammed wata kuma an sa sunan kaka a tsakiya, sai da aka je kotu aka yi rantsuwar cewa duk mutum ɗaya ne.

Abin da ya fi komai, ranar da ka kai takardun kar ka fito sai da shaidar karɓa mai hatimi da kwanan wata, ka yi mata hoto ka aika wa IND kafin wata ukun ya cika, ta wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa. Satifiket ɗin kansa yana jan lokaci, su ma sun sani, abin da suke dubawa shi ne kana bibiya ko ka kwanta. Duk imel ɗin da ka tura, duk rasit, duk tikitin jirgin ƙasa da ka hau zuwa Hague, ka zuba su a fayil ɗaya. Namu koren fayil ne na roba irin na 'yan makaranta, sai da ya kumbura har maɓallin ya daina rufuwa, kuma duk sanda suka rubuto suna tambayar ina aka kwana daga ciki muke zaro amsa.

Yara kar ka damu, ƙananan da aka sa cikin takardar uba ba a ce su bar komai, biyun suke riƙewa. Wanda za ku haifa gaba ma in sha Allah, muddin uwarsu 'yar Najeriya ce sashe na 25 ya ba su ta wajenta. Ita kuma madam yanzu ai matar ɗan Holan ce, ranar da za ta nemi nata ba za a ce ta ajiye koren ba. Ni haka na yi, shi ya ajiye ni na riƙe.

Baba Zango, Amsterdam

Salamu alaikum 'yan uwa, ni mutumin Kumasi ne ina unguwar Bijlmer. Abin da Hajiya Maman Hanif ta faɗa na ranar rajista ku riƙe shi da kyau, mu a Gana mun gani da idonmu. Ɗan majalisa na Assin North, James Gyakye Quayson, yana da takardar Kanada, ya shigar da buƙatar ajiyewa kafin zaɓen 2020 amma satifiket bai fito ba sai bayan ya riga ya miƙa takardar tsayawa takara, to a 2023 kotun ƙoli ta ce a cire sunansa daga majalisa, sai da aka sake zaɓe ya sake ci. Mutum da lauyoyinsa da jam'iyya a bayansa ke nan, balle ni da kai. Mu ma Gana ta yarda da biyu tun dokar 2000, amma hakan bai hana mutanenmu na nan ajiyewa ba tunda masu gida suka ce a ajiye.

Alhaji na Vienna

Ɗana barka, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ni na girme ku a wannan wahalar, kuma ku naku da sauƙi tunda sai da suka ba ka sannan suka ce ka saki. Mu a Ostiriya alkawari kawai ake ba ka a takarda, a ce cikin shekara 2 ka kawo shaidar ka fita daga ƙasarka sannan a ba ka tasu, wato akwai lokacin da kake tsaye ba ka nan ba ka can. Akwai wata mata 'yar Estoniya da ta saki tata, kafin a ba ta ta nan aka janye alkawarin saboda laifin tuƙi, ta zauna ba ƙasa, sai da magana ta kai kotun Tarayyar Turai a Janairun 2022 aka ce hukuncin ya wuce laifin. Saboda haka ka gode Allah.

Maganar fili ita nake so ka nutsu a kai, don nan ne mutanenmu ke sakaci. Gado dai gadonka ne, a shari'a abin da ke hana gado sananne ne, kisa da bambancin addini, babu fasfo a ciki, kuma ba alƙalin da zai hana ka rabonka don ka zama ɗan Holan. Amma riƙe ƙasa da sunanka wata magana ce. Dokar filaye ta 1978 cewa ta yi gwamna yana riƙe da ƙasar jiha amana saboda 'yan Najeriya, kuma a 2017 kotun ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Bajamushen nan da ya gina gidan dutse na Kajuru a Kaduna, ta ce baƙo ba shi da ikon mallakar fili a ƙarƙashin dokar. Kai kuma ranar da aka yi maka rajista a idon doka baƙo ka zama, ko da a Fagge aka binne cibiyarka. To tun kana ɗan ƙasa ka samu lauya a Kano ku zauna, ko a mai da takardar Rijiyar Zaki sunan uwargida tunda ita za ta riƙe nata, ko sunan yara, ko a yi kamfani, shi zai gaya maka wanda ya fi. Ban ce ka sa sunan ƙani ko abokin wasa ba, na ga zumuncin da ya lalace a kan haka, kuma mutanen kirki ne duka kafin filin ya yi daraja.

Sannan ka san gida da biza za ka riƙa shiga. Ranar farko da na tsaya layin baƙi a filin jirgin Malam Aminu Kano, yaron da ke duba fasfo ya ga sunana ya ga wurin haihuwa ya ɗago ya ce Baba ya haka, ni ma dariyar na yi amma ba ta kai ciki ba. A tsarin biza na 2020 an ware aji guda na waɗanda aka haifa 'yan Najeriya suka ajiye, N2A, na zama ne na dindindin, ka neme shi bayan ka gama ya fi maka neman ta ziyara duk tafiya, musamman in aka yi rasuwa ana son ka taho a gaggauce. Katin zaɓe ya tafi, takara ta tafi, shiga ƙasashen ECOWAS ba biza na kwana 90 shi ma ya tafi. Hajji kuma ba ta hukumar alhazan jiha ba, ta Nusuk, shafin Saudiyya na neman aikin Hajji, za ka bi cikin kujerun Turai. Kuma kar wani ya ce maka in ka gaji sai ka koma ka karɓa, babin zama ɗan ƙasa a kundin bai tanadi ƙofar dawowa ba, rajista ta aure ma mace aka ba wadda ta auri ɗan Najeriya ba namiji ba.

Mahaifinka kuwa ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a bakin wani, kuma ba ta waya cikin sauri ba. Kar ka ce masa ka bar ƙasa, ka ce hukumar inda kake ba ta yarda da takarda biyu ba, kuma iyali da jikokinsa suna nan da tasu. Dattawanmu sun san wannan, 'yan uwanmu nawa ne suka tafi Makka ta ƙasa suka zauna a Sudan suka zama 'yan can, har yau ba wanda ya ce su ba namu ba ne.

Ɗan Fagge, Rotterdam

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Alhaji maganar fili ce ta fi tayar min da hankali don ko kaɗan ban kawo ta haka ba, yau ɗin nan zan kira Yaya ya nemo lauya. Mai Shayi ka ji dai, ba zan iya wasa da takardar da na sha jarabawa da jira a kanta ba. Hajiya tambaya ɗaya ta rage, in na kai takardun yanzu suka karɓe koren, ga shi ina son zuwa gida kafin azumi in ga Baba in kuma sa hannu a takardun filin, da wanne zan shiga?

Maman Hanif, Den Haag

To ai sai ka juya tsarin Malam, ka fara zuwa gidan da korenka tunda bai mutu ba, ka fita nan da na Holan ka shiga can da na Najeriya, ka gama da lauya da Baba da takardar ƙaramar hukuma a tafiya ɗaya, ka dawo ka shigar. Amma ka lissafa kwanakinka daga ranar da ke jikin wasiƙar IND, ba ranar da ka buɗe ta ba, kuma ka nemi ranar ganawa a Hague tun kafin ka tashi. In ka ga lokacin zai ƙure ka rubuta musu tun da wuri ka haɗa da kwafin tikitinka, kar ka bari su ne za su neme ka.