Rajistar bindiga ko rumbun DNA: wanne ya ci kuɗinsa?

Baban Ummi: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana, rajistar bindiga zubar da kuɗi ce. Ku dubi Kanada. Da suka yi dokar rajistar a 1995, cewa aka yi abin da zai fita daga aljihun gwamnati bai wuce dalar Kanada miliyan 2 ba, sauran masu bindiga za su biya. A 2002 babbar mai binciken kuɗin ƙasar, Sheila Fraser, ta ce abin zai haura dala biliyan 1. Ƙarshenta gwamnatin Stephen Harper ta soke rajistar dogayen bindigogi a 2012. A 1995 ɗin nan Birtaniya ta buɗe rumbun DNA, wato ma'ajiyar bayanan ƙwayoyin halittar mutane da 'yan sanda ke amfani da ita, har gobe ana kama masu fyaɗe da shi.

Anti Rabi: Baban Ummi, ka haɗa awaki da tumaki. Biliyan ɗin har da kuɗin lasisi da tantance masu neman bindiga, kuma wannan ba a soke shi ba. Kada ka manta mata 14 aka harbe a Montreal a 1989 kafin a yi dokar. DNA sai an yi ɓarna yake aiki. Rajista kuwa, ɗan sandan da aka kira gidan da miji ke dukan matarsa ya san bindiga nawa ke ciki tun kafin ya yi sallama.

Baban Ummi: Anti, ɗan fashi yana kai bindigarsa rajista ne?

Anti Rabi: Wanda ke harbe matarsa fa, ɗan fashi ne? Lardin Kwibek na Kanada ma ai nasu suka kafa a 2018.

Malam Garba: Ku yi haƙuri in sa baki. DNA ɗin ma ba arha ba ne, kuɗinsa a ɗakin gwaji yake ɓuya. A 2009 an tarar da samfurin shaidar fyaɗe sama da 11,000 jibge a wani sito a Detroit ta Amurka, mafi yawansu ba a taɓa gwadawa ba. Rumbun na nan, mai gwajin ne babu. Sannan a 2008 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Birtaniya ta keta haƙƙi da ta riƙe DNA ɗin waɗanda ba a samu da laifi ba, dole daga baya aka goge na mutane da yawa.

Baban Ummi: Allah gafarta Malam, da aka gwada na Detroit ɗin ai an gano masu laifi. Biliyan ɗin Kanada wa ya kamo?

Anti Rabi: Wanda aka hana harbi ba ya shiga lissafinka, matsalar ke nan.