Zan rushe tsohon gida, me zan iya sake amfani da shi a sabon gini?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, masana harkar gini. Tsohon gida ne na gado a cikin birnin Kano, ɗakunan ciki na ƙasa ne masu azara, na waje kuma na bulo da rufin kwano. Za a rushe a ta da sabo. Masu tifa suna neman kuɗi mai yawa kafin su kwashe ɓaraguzan, sannan a sake biyansu su kawo ƙasar ciko. A bayan gidan akwai wani ɓangare da ya shiga tsohon kududdufi da aka cike da shara. Me zan iya sake amfani da shi, me ya zama dole a zubar? Kuma wancan ɓangaren na baya zai ɗauki gini?

Birkila:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a sa wa gidan guduma kafin a kwance shi. A fara da ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta, sai silin, sai kwano, sai katakon rufi, bango ne na ƙarshe. Da zarar an turo bango komai ya cakuɗe, kayan kuɗi sun zama shara.

Kwano a zare ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, kada a fizge. Ɗaga shi ka duba ta rana: in ramukan ƙusa kaɗai ke haske, zai yi rumfa ko kicin ko ɗakin dabbobi. In tsatsa ta cinye inda aka haɗa baki da baki, a yanke wurin, ragowar a yi shingen wurin aiki da shi.

Bulo kuwa ya danganta da yadda aka buga shi tun farko. Wanda aka tsuga wa yashi, kana goga shi da yatsa yana zuba, ba ya fita lafiya. Wanda ya fita da ƙarfinsa a kankare tsohon siminti da ke jikinsa, a yi katanga ko bangon da ba ya ɗaukar nauyi. Fasassun su ne cikonka na ƙarƙashin daɓe. A farfasa su kada wani ya wuce girman dunƙulen hannu, a zuba kaurin inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani inci 6. Masu juye tifa guda a ɗaki su baje su ne daɓensu ke zaunawa bayan damina ɗaya, tayil ya tsage. A rufe saman da yashi inci 2 kafin a shimfiɗa leda, don kaifin bulo kada ya huda ta. Katako, tsumma, roba da guntayen silin na POP kada su shiga cikon. Katako zai ruɓe ya bar rami ya kuma kira gara, POP kuwa in ya sha danshi yana cin kankare.

Injiniya:

Birkila ya yi bayani mai kyau. Zan ƙara a kan kankare da rodi, don nan ne ake ganganci.

Tsohon kankare da aka fasa yana maye gurbin tsakuwa, amma ba halinsu ɗaya ba. Kowane gutsure yana ɗauke da tsohon siminti a jikinsa, shi ya sa yake shan ruwa ninki da yawa fiye da tsakuwar dutse. In ka zuba shi a bushe, zai zuƙe ruwan kwaɓin, leburori su ga ya yi tauri su ƙara ruwa da ka, ƙarfin kankaren ya faɗi. A tace shi da raga a fitar da garin, a jiƙa shi tun daren jiya, a bar shi ya tsane. Ya dace da shimfiɗar ƙasan fandisho, daɓen tsakar gida da gefen kwata. Haɗin 1:3:6 ya isa, wato buhu 1 na siminti, kwanon sarki 6 na yashi, 12 na tsakuwa. A ci gaba da ba shi ruwa kwana 7. Ginshiƙi, bim da dekin kuwa a sayi sabuwar tsakuwa, sai fa in an gwada samfurin a ɗakin gwaji bayan kwana 28.

Rodin da aka ciro daga tsohon gini ya riga ya lanƙwashe, an kuma miƙar da shi da guduma. Duk inda aka yi masa haka ya gaji, can zai karye ba gargaɗi. Wanda tsatsa ta yi wa rami-rami kuma kaurinsa ya ragu, mai milimita 12 ya koma ƙasa da haka. Ni shawarata a sayar wa masu gwangwan a kan kilo, su kai kamfanin narka ƙarfe, a cika kuɗi a sayi sabo.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in silin ɗin tsohon farin allon asbestos ne, ko akwai rufinsa mai tudu-tudu, kada a fasa, kada a yanka, kada a sa a ciko. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. A jiƙa shi, a zare shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri.

Maginin gargajiya:

Injiniya, ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba, amma miƙaƙƙen rodin da bai yi rami ba yana yin murfin sokawe ƙarami ko ragar taga. Ba duka ne na gwangwan ba.

Malam mai gida, dukiyarka tana ɗakunan cikin nan. Azarar giginya da ta yi baƙi ta yi nauyi, gara ba ta cika damunta ba, kuma yanzu samunta wuya, don giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara. Ƙwanƙwasa ta: in ta yi ƙara tsaf, lafiyarta ƙalau. Bakin da ya shiga bango shi ke ruɓewa, a datse shi kawai.

Ƙasar bango kuma ba ta tsufa. Da ma haka magabata ke yi, in ɗaki ya faɗi da ƙasarsa ake ta da shi. A farfasa, a jiƙa ta kwana 2 ko 3, a zuba sabon ramno, a tattake. Amma a ware ta gindin bango, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, da ta kusa da makewayi. Wannan ta sha gishiri, za ka ga fari-fari a jikinta, in ka sa ta a sabon gini filasta ba za ta zauna ba. Ita sai gona. In kana son bulo na zamani da ita, a tankaɗe, a haɗa buhun siminti 1 da baro 8 zuwa 10, danshi kaɗan yadda in ka dunƙula za ta kama ba ta jiƙa hannu ba, a matse a injin buga jan bulo, a lulluɓe da leda mako 2. Ƙasar da yumɓu ya yi wa yawa tana tsagewa, sai an sirka da yashi.

Injiniya:

Na yarda da maganar murfin sokawe, Baba, in dai ba inda mota za ta taka ba ne.

Saura kududdufi. Shara ba ciko ba ce. Leda ba ta daɓuwa, sauran kuma yana ruɓewa a hankali, ƙasa ta yi ta sauka, wani wuri fiye da wani. Mafi muni shi ne gini ɗaya rabinsa a kan ƙasar asali, rabi a kan shara: tsaga za ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙofofi su daina rufuwa. A haƙa ramin gwaji a wurare 3 har sai an taɓo ƙasar asali. In zurfin sharar bai wuce mita ɗaya da rabi ba, a kwashe ta duka, a mayar da ɓaraguzan gidanka da jar ƙasa, hawa-hawa kamar yadda Birkila ya faɗa. Ka ga kuɗin tifa ya ragu ta fuska biyu. In ya fi haka zurfi, sai gwajin ƙasa da fandisho na musamman, kuɗinsa kuwa yakan fi ƙarfin gidan zama. Gara a bar wurin tsakar gida, a dasa darbejiya. Kada a haƙa rijiya ko burtsatse kusa da shi.

Sannan ka tuna ruwan unguwa can yake taruwa da damina. Kafin ka ɗaga wurin, duba inda ruwan zai bi, ka fitar masa da kwata zuwa babbar magudana, in ba haka ba zauren maƙwabcinka zai shiga. Ka sa hanyar ruwan a cikin zanen da za ka kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, neman izinin gini.