Sabunta waƙar kulob: dattijon da ya rera ta ko yaran situdiyo?

Sakatare: Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini sabunta waƙar kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa kafin a buɗe kakar wasa. Dattijon da ya rera ta yana raye, sai dai murya ta tafi, makaɗansa biyu sun rasu. Wasu yara masu situdiyo sun ce za su sake ta da fiyano. Amshi dai ba za a taɓa shi ba. Wa zan ba? Jibi zan kai wa kwamiti amsa.

Lamba Tara: Ku canza amshin kawai, ya tsufa.

Sakatare: Malam, ka karanta kuwa?

Tsohon Gola: Ɗana, ji daga wanda abin ya faru da shi. Mun ba wani yaro tamu, ya karɓi rabin kuɗi, wata biyu wayarsa a kashe. Da ya kawo, ya matse muryar da na'ura ta koma kamar kukan sauro a gwangwani, ya kuma ƙara mata gudu. Ranar da aka fara saka ta ina tsaye bayan raga. Jama'a suka buɗe baki za su karɓi amshi, ashe kiɗa ya riga ya wuce su. Fili ya yi tsit. Mai gangarmu, wanda ya shekara da shekaru yana buga mana kyauta, ko sunansa ba a ambata ba. Ya rataya gangarsa ya fice. Har ya koma ga Allah bai sake taka filin ba. Ni na sa hannu a takardar, abin yana cina har yau.

Yaya Babba: Allah ya jiƙansa. Amma Baba, ba kowace sabuntawa ke ɓaci ba. Waƙar Liverpool daga wani wasan dandamali na Amurka ta fito a 1945, ƙungiyar mawaƙa ta Gerry and the Pacemakers suka sake rera ta a 1963, tasu ce magoya baya suka ɗauka. Real Madrid ma shahararren mai shirya kiɗa RedOne ya yi musu sabuwa a 2014, lokacin da suka ci kofin Turai karo na goma, ta kuma karɓu.

Tsohon Gola: 'Yata, yaran nan RedOne ne?

Ɗan Benci: Nawa suka ce ma?

Sakatare: Kamar kuɗin rigunan 'yan wasa saiti guda.

Ɗan Benci: Kai! Sun ga wurin kwana. Mu kuɗin ƙwallo uku muka biya.

Mai Usur: Ƙwallo uku? Wannan ko hayar makirfo bai biya ba. Namu ya ninka na sakatare, ban da kuɗin 'yan amshi.

Lamba Tara: Duk wanda bai taɓa shiga situdiyo ba ya yi mana shiru.

Tsohon Gola: Wanda kuma ƙwallonsa a talabijin take fa? A situdiyo ake rera ta ko a fili?

Ɗan Benci: Wasa shida ba nasara, wai waƙa ce damuwarku. Ku nemo mai waƙar ta'aziyya.

Mai Usur: Ni fa ko wa ya rera, ba wanda zai ji. Lasifikar filinmu guda ce ke aiki, ita ma sai an doke ta. An karɓi gudummawar gyara bara.

Yaya Babba: Mu ma haka. Ko rasit ba mu gani ba.

Sakatare: Don Allah ku dawo kan mawaƙin, jibi ne fa.

Mai Usur: Tunda kana cikin kwamiti, ranka ya daɗe, ina kuɗin lasifika?