Maɓallin VNAV ɗina ado ne kawai?

Mai 182: Assalamu alaikum 'yan uwa, wallahi raina a ɓace yake. Na cire tsohon otofailot (na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta) a jirgina Cessna 182, na sa sabo GFC 500 da allunan G5 guda biyu, na bar GNS 430W ɗina, wato nabigeta mai nuna hanya da GPS, a inda yake saboda wanda ya yi min aikin ya ce ba matsala duk za su yi aiki tare. To hanya yana bi lafiya lau, LPV (saukar da GPS ke jagoranta har kusa da titi) ma yana kamawa, amma in na danna VNAV don ya gangaro da ni daga sama zuwa tsayin da nake so kafin in shiga afroc (matakin tunkarar titin sauka), ko gezau. Na koma wajensa sai cewa ya yi ai ban tambaye shi wannan ba. Ni dai ina ganin duk mai sa otofailot dole ya faɗa wa mutum abin da zai yi da wanda ba zai yi ba tun kafin ya kwance dashbod. Yanzu ga shi an bar ni da gwangwani a gabana.

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam. Wanne ne gwangwanin, 430W ɗin? Yaro ka iya bakinka.

Mai Piper: Haba malam, gwangwani fa ka ce. Na'urar da asalinta, GNS 430, ta fito tun 1998, har yau jirage nawa ke tashi da ita? Da gwangwani ce da tuni an daina ganinta. Ni ita ce a jirgina kuma ban taɓa ɓata ba.

Mai 182: Ni fa ba zagin na'urar na zo yi ba, maganar mai aikin nake yi.

Mai Piper: Ai ka riga ka zaga.

Ɗan Wayarin: Ku tsaya tukuna don ana haɗa abu biyu. Akwai gangarar ƙarshe ta afroc, wato wadda ke kai ka bakin titin sauka, a LPV ko ILS (mai amfani da siginar rediyo daga filin jirgi), wannan maɓallin APR ne ke kama ta kuma 430W na bayar da ta LPV tunda yana da WAAS, tsarin da ke ƙara wa GPS daidaito, shi ya sa ka ga tana yi maka. Sai kuma gangarar kan hanya, wadda nabigeta ke lissafa maka inda za ka fara sauka don ka isa wani wuri a tsayi kaza, sannan ya riƙa aika wa otofailot kana sama da layi ko ƙasa da shi. Wannan ita ce ta maɓallin VNAV. Abin da 430W ke da shi lissafi ne kawai a kan allo, zai ce maka ƙafa kaza a minti ɗaya, amma ba ya zana layin da otofailot zai bi. GTN, nabigetan da ya gaji 430W, shi ke yin wannan, shi ma sai da aka sabunta masa manhaja daga baya, kuma sai an ba shi tsayi daga altimita mai aiki da matsin iska. Ba laifin waya ba ne, babu abin da za a aika ne.

Mai Piper: To kun ji, LPV na yi. Gwangwani na kai mutum ƙafa 200 saman titi a cikin hazo? Ku ba ni amsa.

Bakanike: Ni kuma abin da ya tsaya min a rai ana neman a ɗora wa masu aiki. Mutum zai zo ya ce sa min kaza, ka ce masa ga takardar STC (izinin hukuma na sa na'urar a jirgin) ga ƙarin littafin jirgi ka karanta, ya ce ba lokaci, in ya tashi sama ya danna abu bai yi ba sai ya dawo yana kumfar baki. Kalmar za su yi aiki tare ai gaskiya ce, ba suna aiki ba?

Mai 182: Oga ba wanda ya ba ni wata takarda sai ranar da na zo ɗaukar jirgi.

Bakanike: Haka kowa ke cewa.

Ɗalibar Tuƙi: Don Allah yallaɓai ku yi haƙuri da tambayar 'yar koyo. Ni a kan allo na taɓa ganin LNAV+V, shi ba VNAV ɗin ba ne?

Ɗan Wayarin: A'a ƙanwata. Wannan +V ɗin shawara ce kawai nabigeta ke ba ki don ki gangara a tsanake, ba ya canza mafi ƙarancin tsayin da aka rubuta a takardar afroc, in kin kai wannan tsayin, wato MDA, ba ki ga titi ba, ba ki da izinin wucewa ƙasa ko da layin na ci gaba da nuna miki. Kuma otofailot zai iya bin sa ya wuce da ke in kin yi sake. Wannan ma ya fi damuna a kan duk rigimar da ake yi a nan.

Tsohon Kyaftin: Duk wannan surutun na me? Mil 3 ga kowace ƙafa 1,000. Kana ƙafa 9,000 kana son 3,000, ka fara sauka saura mil 18, ka ƙara kaɗan in iska na bayanka. Gudun ƙasa ka ninka da 5, in kana gudun not 120 (mil 120 na teku a awa) ka sa ƙafa 600 a minti, ka danna VS, maɓallin gudun hawa ko sauka, ka murza wilinsa, shi kenan an gama. Mu da muka yi tuƙi babu GPS ko ɗaya ba mu mutu ba. 'Ya'yan yanzu komai sai maɓalli, lalaci ne kawai.

Mai Cirrus: Baba da girmanka amma wannan magana ba ta yi ba. Lalaci? Mutum shi kaɗai a jirgi, cikin gajimare, hasumiya na ba shi umarni a jere, yana canza mita yana duba takarda, ka ce don yana son na'ura ta riƙe masa gangara ya zama malalaci? To ai sai a cire otofailot ɗin gaba ɗaya a koma riƙe sitiyari da hannu tun daga tashi.

Tsohon Kyaftin: Da ya fi muku. Ranar da allon ya ɗauke za ka gane.

Mai Cirrus: Kullum ranar da allo ya ɗauke. Tsofaffin agogunan naku famfon iskarsu ba ya mutuwa ne?

Tsohon Kyaftin: Ka zo mu gwada awannin tuƙi sannan ka yi min magana.

Mai Piper: Wani abokina ma ya ce nasa 430W ɗin yana yin VNAV da otofailot tsaf.

Ɗan Wayarin: Wane otofailot, wace manhaja? Ka tambaye shi me ke fitowa a saman allo lokacin. Na tabbata GP zai ce maka, wato afroc yake nufi.

Mai Piper: Ba ya ɗaga waya yanzu. Amma ba ya ƙarya.

Ɗan Wayarin: Kuma ko masu GTN ɗin su sani, in ba ka sauke tsayin da ka zaɓa zuwa ƙasa da inda kake ba, ko an kai wurin fara sauka jirgi ba zai gangara ba. Sannan ƙananan jiragen nan masu injin fistin, totur a hannunka yake, otofailot hanci kawai zai dunƙufar, in ba ka rage wuta ba gudu zai yi ta hawa.

Tsohon Kyaftin: Ka ji ko! Ashe ma duk da haka sai ka yi aiki.

Mai Cirrus: Ba abin da ya ce ke nan ba Baba.

Mai 182: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce min mai aikin yana da laifi ko babu.

Mai Piper: Ka janye gwangwani tukuna.

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta dai kusan kowa ya yarda 430W na'ura ce mai nagarta kuma kiran ta gwangwani bai dace ba, ni ma ita nake amfani da ita. An nuna cewa LPV na aiki wanda shi ne mai muhimmanci, VNAV na kan hanya kuwa ƙari ne da mutum zai iya yi da kansa kamar yadda Kyaftin ya koya mana, Allah Ya ƙara masa lafiya. Mai Cirrus a riƙa girmama manya. Batun mai aiki wannan tsakaninku ne, ba a nan za a yanke ba. Wanda ya sake kawo maganar lalaci ko awannin tuƙi zan goge.