Ciwo daga ƙugu har diddige: in daina tattakin asuba ne?

Telan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema ga duk wanda ya san wanga ciwo.

Ni tela ne, shekaruna sun haura 50. Bara anka same ni da hawan jini, likita ya ɗora ni kan magani, ya ce in riƙa tattaki. Na kuwa riƙe. Ana sallame asuba nake bin bakin kwalta, in yi tafiyata in dawo kafin rana ta buɗe. Jinin ya sauka, tumbin ma ya ragu.

To tun ɗinkin sallah ƙarama da munka riƙa kwana bisa keke, wani ciwo ya kama ni a ƙugu ta dama. Ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka sharaɓa har gefen ƙafa, kamar an jona mini wayar wuta. In na yi tari ko atishawa sai na dafa bango. Ƙaramin yatsan ƙafar kuma wani lokaci in na taɓa shi ba na jin sa sosai. A asibiti sun ce sayatika ce, wato ciwon babbar jijiyar ƙafa, sun ba ni ƙwayoyi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in ina tafiya ciwon yakan lafa da farko, sai na yi nisa ya dawo. Zama kuwa shi ne azabar. Yayana ya ce in kwanta in huta har ya warke. In na kwanta, jinin fa? Mi ya kamata in yi?

Mai gashin ƙashi:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina ke nan, amma ban duba ka ba, don haka ka ɗauki wannan a matsayin bayani kawai.

Kada ka kwanta. Kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya tsananta babu laifi, amma doguwar kwanciya sandarar da baya take yi, naman jiki ya yi rauni, ka tashi da ciwonka yana nan. Jijiyar da ke damun ka ita ce mafi girma da tsawo a jikin ɗan Adam. Daga ƙasan gadon baya take fitowa, ta bi daidai hanyar da ka zayyana. Tsakanin kowane ƙashin baya biyu akwai wani faifai mai taushi. In ya kumburo ya taɓa tushen jijiyar, sai a ji ciwon a ƙafa alhali matsalar tana baya. Zama a duƙe yana ƙara matse faifan, tari ma haka. Shi ya sa da na ga ka ce tela ne kai, keken ɗinkinka na fi zargi a kan tattakin.

Yanka tafiyar za ka yi. Ka lura da inda ciwon yake fara dawowa, ka riƙa tsayawa kafin ka kai nan. In minti 15 ne, ka yi 10 ka dawo gida, ka sake 10 bayan la'asar sakaliya ko bayan isha'i. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara ba a ce sai a jere ba, gutsi-gutsi ma ana lissafawa. Ka rage faɗin taku, ka bi wuri mai shimfiɗa, ka bar ratsa yashi da tsallake kwata. Silifas ma ka ajiye, ka nemi kambas mai riƙe diddige.

Ga ma'aunin da nake ba duk wanda ya zo wurinmu, ka riƙe shi sosai: duba inda ciwon ya nufa. In bayan tattaki ya janye daga ƙafa ya tattaru a ƙugu, ko da ƙugun ya ɗan ƙara zafi, alamar alheri ce, ci gaba. In kuwa yana ƙara gangarowa ƙasa, ko ka kwana da shi fiye da jiya, ka wuce gona da iri, gobe ka rage.

A shago kuma, duk rabin awa ka miƙe, ko awo ne ka yi a tsaye, ko guga. Ka naɗe tawul ka sa a bayan ƙugu. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 4 zuwa 6, wasu sai wata 3, ba tare da an yi musu aiki ba.

Amma akwai abin da ba a jira da shi. In fitsari ya ƙi fita, ko shi ko bayan gida ya riƙa zubowa ba ka sani ba, ko ka daina jin taɓi a gabanka da wajen dubura, ko ƙafa biyu suka kama, ko tafin ƙafa ya fara jan ƙasa ba ka iya ɗaga shi, to ka nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Batun yatsan nan ma ka faɗa wa likitanka in ka koma.

Hajiyar Runjin Sambo:

Ƙanena sannu. Ni nawa ya sha bamban da naka, shi ya sa na ce bari in sa baki, kada wani ya karanta ya ɗauka duk ɗaya ne. Ni tafiyar ce ke tayar mini da shi. Daga gida zuwa bakin titi ƙafafu sun yi nauyi, amma da na zauna bisa dakali ko na ɗan sunkuya, shi ke nan ya sake ni. Da anka yi hoton cikin jiki da ake kira MRI, sai anka ce hanyar da jijiyoyin ke bi ce ta ƙuntace saboda shekaru. Duk da haka ba su hana ni tafiya ba. Cikin gida nake yin abina, daga zaure zuwa madafa, in na gaji in zauna, in sake tashi.

Ƙaho kam na yi, don kowa cewa yake sanyi ne. Na ji daɗin jikina kwana biyu, ciwon ya dawo inda yake. Abin da ya gyara mini barci matashi ne tsakanin gwiwoyi in na kwanta ta gefe.

Ɗan kabu-kabu:

Alhaji, Allah shi ba ka lahiya. Mu da ke wuni bisa mashin wanga ciwo abokin aikinmu ne. Abu biyu zan roƙe ka. Kada ka bari yaron kemis ya yi maka allura a ɗuwawu, don jijiyar ta nan ta bi. Wani abokin aikinmu tun da anka tsira masa ita ba daidai ba yake jan ƙafa. Sannan in wani ya ce ga tiramol ka gwada, ka ce ka gode. Da ciwon baya wasu sunka fara, yanzu ba su iya fita aiki sai sun sha. Kuma in kana sa walat a aljihun baya ka zauna kanta, mayar da ita gaba.

Telan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Yau na raba tafiyar biyu, ta safe ta yi daɗi. Saura abu guda, ɗana mai gashin ƙashi: ruku'u da tashi daga sujada suna ba ni wuya. Sannan ƙwayoyin sun ƙare, yaron shagona ya ce in sayi diclofenac, wai ita ce ke aiki.

Mai gashin ƙashi:

Baba, diclofenac da ibuprofen suna rage ciwon, amma kai mai hawan jini ne. Suna iya tayar da jinin, suna taɓa ƙoda, suna cin ciki in akwai olsa. Ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, mutum yana zufa ruwan jikinsa na ƙarewa, nan ƙoda ta fi shiga haɗari. Ka koma wurin wanda ya rubuta maka na farko, ka tafi da kwalin maganin hawan jininka ya gani. Kafin fita tattaki kuma ka sha ruwa.

Batun salla malamai sun fi ni sani, amma hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Ta ɓangarenmu, in za ka yi ruku'u ka ɗan sassauta gwiwa, ka lanƙwasa daga kwatangwalo, bayan ya tsaya a miƙe. Wajen tashi daga sujada ka dafa ƙasa da hannu biyu. Ranar da ya ƙi, ka sa kujera a ƙarshen sahu. In mako 6 ya cika babu canji, ka nemi likitanka ya turo ka sashen gashin ƙashi a duba ka da hannu.